Taken Baba Jibo

Gusau, Satumba 2021

Zuwa ga Malama Sa'adatu Jibo, Tsafe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki Abdulrahman da yara da Inna Asiya. Ki gaishe mini da Baba Jibo da kyau, ki yi masa jajen barin gida. Allah ya sa zamansa a wurinku na ɗan lokaci ne. Mu nan lafiya lau, sai zazzaɓin damina da ya ɗan kwantar da ni, na kuwa tashi.

Kar ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna. Tun da aka yanke layin waya a jihar nan kowa ya koma ɗan makaranta. Ni rabona da rubuta wasiƙa tun jarrabawar fita sakandare, ita ma kin san yadda ta ƙare. Lawwali direba ne zai kawo miki, mai jar motar nan da ke lodin Tsafe. In kin rubuta amsa ki ba shi.

A cikin takardar akwai memori, na naɗe shi a leda. Ki sa a waya ki saurara, amma don Allah da abin kunne. Kin san bara na je Rawayya na ɗauki Kaka Arzika yana kaɗa molo a ƙofar gida, kafin ciwon nan ya taɓa masa hannu. To shi ne nake zama a shagona, in na sallami masu kawo gyaran lasifika, ina ɗora masa jita mai lantarki.

Bari in yi miki bayani, tunda ku malaman makaranta sai da bayani. Baƙaƙen Amurka suna da wani tsohon kiɗa da suke kira bulus. Na mutanen gona ne, mutum ɗaya da tsirkiyarsa yana kukan zuci. Ranar da na fara jinsa na ce wallahi wannan molon Kaka ne ya je ci-rani bai dawo ba. Daga baya wasu samari suka ɗauki kiɗan suka jona masa wuta, suna jan sauti yana lanƙwasa yana amsa-kuwwa har kan mutum ya tafi yawo. Shi suke ce wa rok na saikadelik. Na ce su da suka yi da abin aro ma ke nan, ni mai na gado me zai hana ni?

Na ba 'yan turi na tasha, masu zuba wa mutane waƙoƙi a waya. Da yake babu layi, kowa yunwar abin saurare yake ji. Ra'ayi ya rabu. Direbobi suna so, wai yana hana gyangyaɗi. Mai shayin gefen shagona ya ce in na ƙara kunnawa zai watsa mini ruwan zafi. Naki nake son ji, don duk danginmu ke kaɗai ce ba ki iya yabon ƙarya ba, abin da ya sa ba ki da ƙawaye ke nan.

Taubashinki kuma ubangidanki,
Mas'udu.

Tsafe

Mas'udu,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, Lawwali ya kawo ta har gida da tabon manja a gefe. Muna lafiya. An rufe makarantu, ina zaune ina kallon bango, shi ya sa za ka sami amsa mai tsawo, ba don ka cancanta ba. Zancen ubangida kuwa, ubangidan da ke kwana cikin matattun rediyo, Allah ya kyauta.

Na saurara. Ga ra'ayina tunda ka roƙa. Farkon, inda molon Kaka yake shi kaɗai, sai da ya sa na ajiye tsintar shinkafa. Sai jitarka ta shigo. Mas'udu, janaretan maƙwabcinmu in ruwa ya shiga mansa haka yake yi. Molo magana yake yi, ya faɗi abu ya yi shiru a ji. Kai kuwa duk wurin da Kaka ya bari ba komai sai ka cusa ƙara a ciki. Kuma abin ba ya ƙarewa. Na je na duba tuwo na dawo, yana nan inda na bar shi.

Ban ce babu komai a ciki ba. Akwai wani wuri a tsakiya da jitar ta daina faɗa da molon ta koma bayansa, tana maimaita abin da ya faɗa daga nesa. Wannan wurin ya yi. Abdulrahman ya ce shi bai ga laifin kiɗan ba, bai kuma ga amfaninsa ba, haka yake cewa a kan komai. Inna ta ce na masu aljanu ne.

Baba lafiyar jiki lau. Amma ka san mutumin da ya taɓa ɗaure dami dubu a shekara ɗaya, yau ga shi a ɗakin zaure a gidan surukinsa, ana auno hatsi da tiya. In Abdulrahman yana gida ba ya taɓa abinci. Sun baro ƙauye ne gero na fara fitar da kai, bayan mutanen daji, 'yan bindigar nan, sun shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu a bayan Kucheri. Yanzu geron ya isa girbi, yana can tsaye ba kowa. Kullum da hantsi sai ya fita bakin titi ya dubi hanyar gida ya dawo.

Da na sake kunnawa na cire abin kunne don Inna ta ji. Ban san Baba yana ji daga zaure ba. Sai ga shi a tsakar gida ba takalmi. Ya ce, "Wa ab bisa molo? Kawu Arzika na?" Na ce shi ne. Ya ce, "To wanga da ka kuka bayanshi hwa?" Na ce Mas'udu ne da jita. Ya miƙe a wurin nan bai zauna ba har abin ya ƙare. Da ya ƙare ma ya ci gaba da tsayuwa, sannan ya koma zaure.

Wane kiɗa ne ka ɗauko cikin na Kaka? Kunnena ya san shi, ƙararka ce ta hana ni kamawa.

Sa'adatu.

Gusau

Malama Sa'adatu,

Salam. Ina gaishe ku duka, lafiyata ƙalau. Na karanta takardarki a tsaye a tasha, har Lawwali yana tambayata ko kujerar Makka aka ba ni.

Baba Jibo ya miƙe tsaye! To me kuma nake nema? Ke ki riƙe janaretanki. Mutumin da ya san kiɗa ya ji, ya kasa zama. Kuma wai ke ba ki gane ba, kunya ba ta kama ki ba? Taken ubanki ne. Shi Kaka yake buga masa da ganga a wurin gayya, in yamma ta yi ya sake kaɗa shi da molo a ƙofar gida. Cikin duk abin da na ɗauka babu mai daɗinsa, shi ya sa na zaɓe shi.

Kin ce na cike wuraren shiru. Gaskiya ne, da gangan na yi. Sa'adatu, ki duba Rawayya, wa ya koyi molo a hannun Kaka? Babu ko ɗaya. Babana ya guje shi ya kama tela, ni na kama waya da kusa. Yaran yanzu in suka ji molo shi kaɗai sai su ce na tsofaffi ne, su danna na gaba. Amma jiya da idona na ga ɗan kamasho yana bin molon Kaka da baki yana loda buhu. In ba a jona masa wuta ba, ranar da Kaka ya kwanta dama molon zai bi shi. Na fi son a zage ni a ji shi, da a yabe shi a manta.

Zancen ba ya ƙarewa kuwa, ai nan ne gwanintar take. Gaɓar farko na ɗauka, mai zafin, na sa na'ura ta riƙa juyo ta. Akwai wata 'yar jela a ƙarshe inda kiɗan yake sauka ya yi sanyi, na yanke ta, don tana kashe wutar. Wannan salon ba a sauka a cikinsa, ana hawa ne kawai.

Tunda Baba ya ji daɗi, na ba Lawwali wani memorin ya raba wa 'yan turin Tsafe, ya kuma yi alkawarin kunnawa a mota tun daga nan har can. Bari garin ya ji taken Jibo, ko sa san wa suka saukar a zaure. Ki ce masa jikan Arzika bai manta da shi ba.

Naki,
Mas'udu.

Tsafe

Mas'udu,

Salam. Lafiya muke. Ƙaramar yarinyata ta yi ɗan mura, ta warke.

Na ce maka ya miƙe, ban ce maka ya ji daɗi ba. Da ka jira amsata kafin ka ba Lawwali memorin nan.

Zan gaya maka abin da Inna ta gaya mini, don ni ma abin da na sani na gayya shi ne kai fura gona. Take ba yabo ba ne kawai, kira ne. In makaɗi ya buga taken manomi a gaban jama'a, manomin ba ya zama. Zai miƙe ya ɗauki galma ya shiga kunya, kuma ba zai ɗago ba sai makaɗin ya sauke kiɗan ya sallame shi. Wannan 'yar jelar da ka ce tana kashe wuta ita ce sallama. Inna ta ce tun aurensu ba ta taɓa ganin an buga taken Baba ya zauna kafin a sallame shi ba, ko da zazzaɓi a jikinsa.

Yanzu kiɗanka ya cika Tsafe. Mai cajin waya na bakin layinmu daga safe shi yake sawa. Na je na roƙe shi, ya ce masu kawo caji ne ke so. Mai rake yana da shi, mai faci yana da shi. Duk inda Baba ya ji sai ya tsaya cak. Ranar Juma'a a hanyar masallaci ya tsaya a gefen titi har aka kusa tayar da salla. Mutanen ƙauyenmu da ke zaman gudun hijira a nan sun san taken. Suna ce masa, "Jibo, ana kiranka." Wasu da wasa suke faɗa, wasu ba da wasa ba, don su ma geronsu yana can.

Kana son ra'ayi, to ga nasa, na tambaye shi. Ya ce, "Yaron ya iya. Molo daga ƙohwar gida shika kira, wanga abu daga nesa shika kira, awa daga gona." Sannan ya ce, "Amma bai sallame ni ba." Na ce Baba, ai memori ne, ba mutum ne ke bugawa ba. Ya ce hannun Kawu Arzika ne ko ba nasa ba ne? Na ce nasa ne. Ya ce to.

Ya wasa magirbinsa. Abdulrahman ya ɗauke ya ɓoye a bayan buhunan gawayi. Baba ya san wanda ya ɗauka, amma ba zai buɗe baki ya tambayi suruki ba, sai ya aro wani a wurin ɗan garinmu. Wannan ɗin a ƙarƙashin tabarmarsa yake kwana. Hanyar ƙauye kuwa ka san yadda take. Waɗanda suka je dubo gona a makon jiya ba duka suka dawo ba.

Ba faɗa nake yi ba, ba ni da lokacinsa. Tsoro nake ji. Ka aiko mini da jelar da ka yanke, ita kaɗai, ba jita ba komai. In ya ji Kawunsa ya sallame shi, ina ganin zai zauna. Ka ba Lawwali a lodinsa na farko.

Sa'adatu.

Rawayya, Bungudu, Oktoba

Sa'adatu,

Salam. Ina fatan kuna lafiya, musamman Baba. Daga gidan Kaka nake rubutu. Takardarki ta daɗe a aljihun Lawwali, motarsa ta zauna a tasha babu mai. Da na karanta, nan take na koma shago neman jelar.

Jelar babu ita. Memorina ya cika tun watannin baya, na goge duk abin da ban yi amfani da shi ba. Na juye shagon nan kaf ban samu ba. An dawo mana da layi a Gusau, na yi ta kiran lambarki ba ta shiga, ashe ku ba a buɗe muku ba. Sai na ɗauki jita da ƙaramar lasifika mai batir na taho nan.

Kaka yana nan da bakinsa, hannun hagu ne dai ya ƙi. Na kunna masa. Sai ya fashe da dariya, ya ce, "Kai ɗan nema, mi kab ba molona yas sha?" Na ce ba ka ji haushi ba? Ya ce haushin me? Wai da yana yaro da gashin wutsiyar doki ake yin tsirkiya, da zaren kamun kifi ya zo tsofaffi suka ce molo ya mutu, ga shi har yau. Ya ce in na ga dama in jona masa injin niƙa. Yana ta kaɗa kai, yana jira. Da kiɗan ya sake juyowa farko, ya sake juyowa, sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Ina sallama?" Na gaya masa. Ya ce, "Jibo ya jiya?" Na ce ya ji. Ya ce a ɗauko masa molo.

Sa'adatu, ban so na ga wannan ba. An ɗora masa a cinya, hannun dama yana kaɗawa, na hagu yana kwance a kan sandar ya ƙi matsa tsirkiya. Ya yi ta fama har gumi ya keto masa. Daga ƙarshe ya ce a ɗauke, ya ce ni in ɗauko tawa.

Da baki ya riƙa rera mini, ni ina bi da jita. In na kuskure ya buga mini sanda a gwiwa. 'Yar gajeruwa ce, amma na sha sanda. Na ce bari in cire kukan jitar in mai da ita kamar molo. Ya ce a'a, muryar da ta kira shi ita za ta sallame shi, in bar kukan. Amsa-kuwwar ce ya ce in kashe, don sallama sau ɗaya ake yinta, ba a maimaitawa. Da na buga ta daidai bai ce ta yi ba, cewa ya yi a kawo masa fura.

Ga ta nan a memori. Na haɗa da muryar Kaka a farko yana kiran sunan Baba yana ce masa ya zauna. Gobe da sassafe zan koma Gusau in ba Lawwali da hannuna, in ma babu mai zan sayo masa ko na bumburutu ne. Ki riƙe Baba da duk dabarar da kika iya. Ki ce masa sallama tana hanya.

Mas'udu.

Tsafe

Mas'udu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Baba rasuwa. Mu da muka rage lafiya muke.

Memorinka ya iso ranar Alhamis da la'asar. Baba ya fita ranar Laraba bayan sallar asuba, shi da mutum biyu 'yan garinmu. Bai yi wa kowa sallama ba, daga masallaci suka wuce. Inna ce ta ɗaga tabarma ta ga babu magirbi.

Ɗaya daga cikinsu ne ya dawo ya ba mu labari. Sun isa lafiya, sun tarar da geron tsuntsaye sun ci nasu amma da saura da yawa. Suka kama aiki. Ya ce shi bai taɓa ganin Baba cikin nishaɗi haka ba tun da aka baro gida, yana girbi yana bin taken da baki, har da wurin kukan jitar. Ranar Juma'a da hantsi suna ɗaurin dami mutanen daji suka zo a kan babura. Shi ya faɗa cikin karan dawa ya tsira. Baba yana tsakiyar gona. Mutanen Kucheri ne suka ɗauko gawarsa da ta ɗayan da yamma, a can aka yi musu sutura. Abdulrahman ya samu jana'iza.

An kawo mana dami ɗaya, ɗaurin hannunsa. Inna ta hana a sussuka.

Na san abin da kake son tambaya. Ba zan ce kiɗanka ne ya kai shi ba. Geron ya nuna, zaman gidan suruki ya ishe shi, tun kafin takardarka ta farko yake fita kallon hanya. Ba zan kuma ce ba shi ba ne. Iyakar abin da na sani ke nan, kar ka matsa mini in faɗi fiye da haka.

Akwai abu ɗaya. Inna ta ce in mai take ya rasu, bayan addu'ar arba'in makaɗinsa yakan zo ƙofar gida ya buga taken sau ɗaya har sallama, daga nan ba a sake buga shi. Ba taro ake yi ba, iyali ne kawai. Kaka ba zai iya ba, kuma kai kaɗai ka karɓa daga bakinsa. Inna da kanta ta ce in rubuto maka. Ka zo da jitarka.

Sa'adatu.

Gusau

Sa'adatu,

Allah ya jiƙan Baba Jibo, ya yafe masa, ya ba ku haƙuri. Ki yi wa Inna ta'aziyya kafin in iso, ban san da wane ido zan dube ta ba.

Na bi 'yan turin Gusau ɗaya bayan ɗaya ina roƙonsu su goge. Suna gogewa a gabana, washegari wani ya kawo a wayarsa su sake kwafa. An ce har Funtuwa ya kai. Na gaya wa Kaka, ya juya fuskarsa bango.

Zan zo ranar da kika ce. In na buga na gama, a nan ƙofar gidanku zan fasa jitar.

Mas'udu.

Tsafe, Disamba

Mas'udu,

Salam. Ina fatan ka koma lafiya. Mu ma lafiya, Inna ta fara cin abinci. An buɗe mana layi, na ga kiranka, amma abin da zan faɗa ya fi mini sauƙi a takarda.

Jitarka tana nan a bayan ƙyauren zaure inda Abdulrahman ya ajiye ta bayan ya ƙwace, da ka ɗaga za ka fasa. Ka aiko Lawwali ya ɗauka, ba ni da wurin ajiyarta. Fasa ta ba zai dawo da kowa ba, sai dai ya bar Kaka ba wanda zai rera wa sauran abin da ke bakinsa. Akwai manoma da yawa da ya yi wa take, wasunsu suna raye. Ka koma Rawayya tun yana iya ɗaga sanda, kuma kowanne ka karɓa ka karɓe shi har ƙarshe.

Tun farko ra'ayina ka nema, to bai canza sosai ba. Har yanzu ina ganin ƙarar ta yi yawa. Amma ranar nan a zaure, da ka sauko kan sallama ka bar tsirkiyar ta mutu da kanta ba ka bi ta da komai ba, na ji abin da Baba ya ji. Inna da ta ce na masu aljanu ne, ka ga dai yadda ta yi. Da ka fita ta ce, "Yanzu ya zamna." A daren nan ta ce a sussuke damin, muka yi fura da shi muka raba wa maƙwabta.

Sabon da ka haɗa mai sallama na kai wa mai caji da 'yan turi. Sun karɓa. Amma sun ce mutane tsohon suka fi so, wai sabon yana ƙarewa da wuri.

An buɗe makaranta, ina bi ta tasha kullum. Jiya wani mai wankin mota ya kunna tsohon a wayarsa. Bai san taken wane ne ba, bai san ni ba. Ban san lokacin da na tsaya ba, da littattafan yara a hannuna. Na ce bari ya kai ƙarshe in wuce. Da ya zo inda ya kamata ya sauka, sai ya koma farko.

Na makara a aji.

Taubashiyarka,
Sa'adatu.